Goron Rufin Asiri

Sailuba ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da 'yarta Ummi, mai shekara tara. Likita ya tabbatar an lalata yarinyar. Tun ranar da abin ya faru Ummi ba ta ƙara cewa uffan ba.

Ran Sufeto Zuwairatu ya ɓaci. Irin wannan ƙarar ta fi ta satar babur yawa a teburinta, kuma yawanci dangi ke binne ta.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa, madam. Na ce zazzaɓi ne. Ko babanta yana gona a Adogi, bai sani ba."

Sufeto ta bi su gida a Bukan Sidi. Ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba, ta dai tambayi mazan gidan yaushe rabonsu da Ummi. Babandi, ƙanin uban yarinyar, mai ɗinki a zaure, ya fi kowa zaƙewa.

"Wallahi satin nan ko ganinta ban yi ba."

Ummi na jin muryarsa ta saki fitsari a tsaye. Sufeto ta haɗiye fushinta, don wannan ba zai ishi kotu ba.

Washegari sai ga dattawa biyu a ofis da ƙunshin goro.

"Babandi ya turo mu," in ji babbansu. "A bar maganan a gida, kar yarinya ta rasa miji nan gaba."

"Baba, zazzaɓi ke hana miji?"

Sufeto ta aika Kofur ya ɗauko Babandi.

Aka kawo Babandi gaban Sailuba da dattawan.

Sufeto ta ce masa, "Uwarta ta ce zazzaɓi, ni ban ce komai ba. Wa ya gaya maka akwai asirin rufewa?"

Babandi ya ce, "Ni ne, madam. Sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan ba shi da shago a zaurenku. Kofur, sa masa ankwa."

Ana fita da shi, dattijon bai ji kunyar sake buɗe baki ba.

"Haƙuri ake yi, madam. Batun yayarta Zulfa ma a gida muka kashe shi, kuma ba a ji ba."

Sailuba ta miƙe a hankali.

"Zulfa? Zulfan da ke ihu cikin barci har yau, kuka ce min aljanu ne?"

Sufeto ta tura ƙofa ta rufe.

"Ku koma ku zauna, Baba. Ku ma ba inda za ku."