Fankar Da Ta Hana Murfi Rufuwa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai kaifin kai da saurin hannu. Aibinta ɗaya ne. Kafin a gama yi mata magana ta kai bakin ƙofa. Shi ya sa a gida ake ce mata Uwar Gaggawa.

A falonsu akwai kwamfuta irin ta tebur. Akwatinta baƙi ne, siriri, yana ajiye a ƙasa. Baba ne ya saya, amma yarinyar ta fi kowa morar ta. A kanta take aikin gida. A kanta take zane.

Matsalar kwamfutar ita ce ƙara. Da an kunna ta sai ta fara gurnani. In aiki ya yi mata nauyi, sai ka ce injin niƙa. Ga ƙanin yarinyar, yaro mai rarrafe, a falon yake barcin rana. Da kwamfuta ta ɗauki ƙara, shi ma sai ya ɗauki kuka.

Ran nan Umma ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Na gaji. Ba zan yi renon yaro in yi renon inji ba. Ko ta yi shiru, ko ta koma shagon babanku."

"Umma, zanena fa?"

"Takarda ba ta ƙare a duniya ba."

Umma ba ta magana biyu. Yarinyar ta san haka.

Washegari ta tari malamin kwamfuta a makaranta, ta gaya masa damuwarta.

Malam ya ce, "A cikin akwatin akwai wani ɗan abu mai suna furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yana zafi in yana aiki, shi ya sa ake ɗora masa ƙarfe da fanka. Fankar da ta zo da taku ƙarama ce. Dole ta yi gudu sosai, ita ce kike ji tana ihu. Babbar fanka a hankali take juyawa, ba ta da ƙara."

"Na gane, Malam! Babba!"

"Tsaya mana. Sai kin buɗe akwatin kin auna, daga furosesa zuwa murfi. Ki kuma duba irin mazauninsa, don ba kowace fanka ke hawa kowane mazauni ba."

Ta ce to. Amma ƙafarta ɗaya tana waje.

Da ta koma gida ta yi wa Baba bayani tiryan-tiryan. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Tunda ke kika binciko, ke za ki zaɓa. Kin auna?"

Ta kalli akwatin daga inda take tsaye. Buɗe shi sai an nemo sukundireba, an kwance kusoshi. Aiki ne.

Ta ce, "Na auna."

Ba ta auna ba. Kallo ta yi.

Suka je shagon kayan kwamfuta. Mai shagon wani dogo ne, da tabarau a goshi. Baba ya nuna masa hoton bayanin kwamfutar a waya, mai shagon ya gane irin mazaunin. Ya jero fankoki uku a kan teburin shagon.

Ɗaya faffaɗa ce, gajera, launin toka. Ɗaya matsakaiciya. Ta ukun kuwa doguwa ce kamar bene, tana da fitilu masu canza launi.

Idon yarinyar ya maƙale a kan ta ukun.

Mai shago ya ce, "'Yan mata, wannan sai babban akwati fa. Naku nawa ne zurfinsa?"

"Zai ci."

"Lamba na tambaya."

"Kawu, zai ci har da saura."

Ya kalli Baba. Baba ya ce, "Ta ce ta auna."

Mai shago ya ɗaga kafaɗa, ya sa musu a leda.

A gida ba ta jira an kawo almakashi ba. Ta yage kwalin da hannu. Baba ya zare wayar wuta, ya kwantar da akwatin a kan tebur, ya cire tsohuwar fanka. Ya ce, "Bari mu gwada tukuna, kafin mu shafa mai." Akwai wani mai toka-toka da ake shafa wa furosesa don zafi ya riƙa wucewa cikin ƙarfen.

Ya ɗora sabuwar. Ta zauna daram. Sai ya ɗauko murfi.

Ƙwas!

Murfi ya daki kan fankar. Ta yi sama da bakin akwatin da yatsa biyu.

"Baba, danna."

"In danna in fasa?"

"To, a bar shi a buɗe mana."

Umma ta leƙo daga bayan keke. "A buɗe? A ƙasa? Wannan yaron da ko takalmi bai bari ba? Ya zura yatsa a fanka, ke za ki mayar masa?"



Baba ya ajiye murfin. Ya ce, "Uwar Gaggawa, da me kika auna?"

Ta sunkuyar da kai. "Da ido."

Umma ta ce, "Ido! Ni da nake ɗinki tun ba a haife ki ba, ban taɓa yanka yadin mutane da ido ba."

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Rashin awon kuskure ne. Amma na tambaye ki, kika ce kin yi. A gaban mai shago na tsaya miki." Ya mayar da tsohuwar fanka, ya ɗaure murfi. Da safe ya tafi da kwamfutar shagonsa.

Wurin kwamfutar ya zama fili. Yarinyar ta yi aikin gida da biro. Zanen da ta fara bai ƙaru ba. Ta yi kuka, ba wanda ya rarrashe ta.

Ranar da ba makaranta ta je wurin Umma. "Ki ara mini tef ɗin awo."

"Me ya samu idon?"

"Umma, don Allah."

Umma ta ciro shi daga wuya ta miƙa mata.

Ta bi Baba shago. Da kanta ta kwance kusoshi, Baba ya cire tsohuwar fanka. Ta auna daga furosesa zuwa bakin akwati. Ta sake aunawa. Sannan ta lallaɓa yagaggen kwalin, ta liƙe shi da salatef.

A ƙofar shagon kayan kwamfuta Baba ya ja baya. "Ke za ki yi magana."

Mai shago ya sauke tabarau. "A'a, ga Zai-ci-har-da-saura! Ina sauran?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Kawu, ban auna ba ran nan. Ƙarya na yi. Yanzu na auna. Santimita goma sha uku ne."

Ya juya kwalin. "Wa ya yi kokawa da wannan?"

"Ni ce."

"Kun shafa mai?"

"A'a."

"Shi ya cece ki. Zan karɓa. Amma yau ba da ido za ki zaɓa ba."

Ya ɗauko sauran biyun. Ya nuna mata inda ake rubuta tsawo a jikin kwali. Matsakaiciyar ma ta ɗara awonta kaɗan. Ya nuna mata lambar ƙara, ya ce ƙaramar lamba ita ce mai shiru. Sannan ya jona faffaɗar da wuta.

"Kawo kunnenki."

Ta matso. Iska ta taɓa kuncinta, amma da ƙyar ta ji motsi.

"Ba ta da fitila," in ji ta.

"Fitila kuka zo nema, ko shiru?"

"Shiru."

"To."

Suka dawo da kwamfutar gida. Baba ya goge furosesa, ya ɗiga mai kamar ƙwayar wake. Yarinyar ta ɓare ledar da ke ƙasan ƙarfen faffaɗar fankar, ta ɗaure kusoshi a hankali, wannan kusurwa sannan waccan. Murfi ya rufu lif.

Ta danna maɓalli. Shiru.

"Baba, na lalata ta!"

Baba ya nuna mata allo. Ga shi ya kawo haske. Ya fashe da dariya, ita ma ta yi.

Umma ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu. Ta saurara, ta daɗe tana saurare. Ta ce, "To, ta zauna a gida."

Yarinyar ta yi tsalle.

Ku yara, ku ji da kyau. Kafin ku zaɓi abu, ku duba ko zai dace da inda za a sa shi, ba kyansa kawai ba. In kuma aka tambaye ku ko kun yi abu alhali ba ku yi ba, ku ce ba ku yi ba. Faɗin haka ba ya ciwo.