Cizo Ɗaya, A Jefar Da Saura

Da la'asar sakaliya Alƙali ya sauka daga tasi a bakin wani lungu, waya a hannu, yana yatsina tun bai ga shagon ba. Ba alƙalin kotu ba ne, kada ma a ɗora masa girman da ba nasa ba. Alƙalin abinci ne. Aikinsa ya bi gidajen burodi da shagunan kek da askirim da ƙananan gidajen cin abinci na birnin, ya jingina wayarsa a gabansa tana ɗauka, ya gatsa sau ɗaya, ya yanke hukunci. Cizo ɗaya tak. Sauran kuwa sai ya ture da bayan hannu, ko ya jefa kwandon shara a gaban mai shago, don masu kallo su yi dariya.

Kuma suna yi. Dubban mutane ke binsa, duk don su ji ya ce, "Biyu cikin goma, shi ma don Allah." Harshen nan shi ne gonarsa, shi ne jarinsa. Ba shi da wata sana'a, ko shayi bai iya haɗawa ba. A yi masa adalci, harshen ya san aikinsa: yana gane man da aka soya abu da shi sau biyu, yana gane ƙwan da ya kwana a rana. Allah ya ba shi baiwa, shi kuma ya wasa ta yana yanka mutane.

Wata guda ke nan yana zagaye, shago talatin cikin kwana talatin. Ya ce donat ɗin wani tayar keke ce. Ya ce askirim ɗin wata ruwan wanke-wanke ne da aka sa a firiji. Shago na goma sha bakwai na yayarsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi tun yana tsumma. Da mijinta ya rasu ta buɗe ɗan shagon kek, ita da kanta ta roƙe shi ya zo, a zatonta ƙani zai jawo mata kasuwa. Ya gatsi kek ɗinta mai fure ruwan hoda, ya ba ta uku, ya jefa sauran a shara.

Yana shiga lungun wayar ta yi ƙara. Ita ce.

"Auta, ka goge bidiyon nan mana. Yau kwana huɗu ko mutum ɗaya bai leƙo ba."

"Yaya, ni fa ba na haɗa zumunci da aiki. Ki gyara hannunki kawai."

"Hannun da ya ciyar da kai?"

Ya kashe wayar ya yi tsaki. Shago na talatin yana ƙarshen lungun, wani tsohon gidan burodi da ba shi da ko allon suna. Wani ne cikin mabiyansa ya ba shi labari, ya ce a can har yanzu da itace ake gashi. Alƙali ya zaɓe shi ne don ya rufe wata da dariya.

Ƙamshi ya tarye shi tun daga nesa, burodi mai zafi da hayaƙin itace. Cikinsa ya yi ƙugi, ya ji haushin cikin. Ya tura ƙofa. Ɗaki ne guda mai tsawo, da kwan fitila ɗaya a rataye, da kanta mai tsagaggen gilashi, da buhunan fulawa jingine da bango. A ƙurya akwai tanderu na bulo, baƙi ƙirin, mai ƙofar ƙarfe. Wani tsoho yana tsaye a bakinsa da dogon katakon fito da burodi, girarsa ta yi fari da fulawa.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ka yi sa'a, yanzu za a sauke."

"Sa'ar taka ce, Baba. Ka san ni?"

"A'a."

Wannan ya ƙara ɓata masa rai. Ya jingina wayarsa da gwangwanin yis a kan kanta, ya danna ta fara ɗauka.

Tsoho ya buɗe tanderu ya zura katako. Burodi ɗaya ya fara fitarwa, shi kaɗai. Bai haɗa shi da kowa ba. Ya ɗora shi a wani ɗan gurbi da ke jikin bango, dab da bakin wuta, ya rufe da farin ƙyalle. Sannan ya shiga kwaso sauran yana jerawa a kan tebur.

Alƙali yana da ƙa'ida, kuma duk mabiyansa sun san ta: na fari yake ci, wanda ya fara fitowa daga wuta, don kada a zaɓar masa.

"Wancan nake so."

"Ba na sayarwa ba ne. Ɗauki kowane a nan, na ba ka."

"Na wa ne?"

Tsoho ya dubi tanderu, ya rage murya. "Na mai wutar ne. Tun zamanin mahaifina, na fari nasa ne. Mu ba ma taɓawa, shi kuma ba ya taɓa mu."

Alƙali ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya ga waya. "Jama'a, kun ji? Duk faɗin birnin nan aljani ya rasa inda zai ci sai wannan kango. Shi ma talaka ne, ba shakka."

An fara kiran magariba can nesa. Tsoho ya kaɗe hannunsa, ya ɗauki buta.

"Zan yi salla in dawo. Ci duk abin da ka ga dama. Wancan dai ka bar shi."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ƙofa ba ta gama rufuwa ba Alƙali ya yaye ƙyallen.

Burodin ya ƙona masa yatsu. Ya nuna wa waya, ya juya shi hagu da dama, ya latsa da babban yatsa yadda ya saba. Ya gatsa.

Sai ya tsaya cak.

Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa cin burodi irin wannan ba. Ɓawon ya yi ƙarar ƙurus, cikin ya narke a baki, gishiri daidai, zaƙi daidai, ga ɗan ƙamshin hayaƙi a ƙarshe. Harshensa ya gaya masa gaskiya: goma cikin goma. Amma yabo ba ya jawo masu kallo, kuma ba shi zai rufe wata da yabon kango ba. Ya tofar da lomar a ƙasa.

"Ɗaya," ya ce. "Shi ma don furfurar mai shi."

Ya wurga sauran cikin kwandon shara.

Bai ji faɗuwarsa ba.

Ya leƙa kwandon. Babu komai a ciki.

Kiran sallar ya yanke a tsakiya. Ƙarar motoci ta ɗauke. Itacen da ke ta ƙara a cikin wuta ya yi shiru. Kwan fitila ya dusashe har ya zama ja, kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Ƙamshin ɗakin ya sake. Yanzu tsami yake ji, da ƙarnin tsohon mai, da warin madarar da ta lalace.

"Baba?" Muryarsa ta fito siririya.

Ya nufi ƙofa ya ja. Kamar an gina ta da bangon.

A bayansa ƙarfe ya yi ƙara. Ƙiiii.

Ƙofar tanderu ce take buɗewa a hankali.

Katakon tsoho ya tashi daga jikin bango, ba hannun kowa a kai. Ya shiga wuta. Ya fito da donat ɗaya, ya ajiye a tebur. An gatse shi gefe guda. Alƙali yana da wushirya, kuma ga shatinta nan a jikin cizon.

Katakon ya koma. Ya fito da cinyar kaza, cizo ɗaya. Ya koma. Biskit. Soyayyen dankali. Kofin askirim daga tsakiyar wuta, ko narkewa bai yi ba, cokali a tsaye a ciki. Tebur ya cika. Ya san kowanne, ya san mai shi, ya tuna fuskar da kowa ya yi.

Na ƙarshe kek ne mai fure ruwan hoda.

"Wata guda muna tsince maka."

Daga cikin tanderu maganar ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar an ɗiga ruwa a garwashi.

Alƙali ya dafa kanta.

"Ba mu ce komai ba. Yau kuma ka ci rabona."

"Goma ne," ya ce cikin raɗa. "Wallahi goma cikin goma ne. Zan gyara. Zan faɗa musu."

"Ka sani ke nan."

Muryar ta sake fitowa daga tanderu.

"Mu ma mu ɗanɗana naka. Buɗe baki."

Ya dantse haƙora. Ya nemi addu'a a kansa, ko guda, ya rasa farkonta. Muƙamuƙinsa ya buɗe da kansa, har ya ji ƙashin ya yi ƙas.

Hannu ya fito daga bakin tanderu. Launin toka. Ya yi ta fitowa, ya wuce tebur, ya wuce buhunan fulawa, gwiwar hannun ba ta bayyana ba. Toka tana zuba daga jikinsa.

Yatsun suka kama haɓarsa. Suka juya fuskarsa hagu. Suka juya ta dama, saitin waya.

Suka jawo harshensa.

Babban yatsa ya latsa shi.

Wani abu ya matso cikin duhu. Bai ga fuska ba. Numfashi kawai ya ji a leɓensa, mai zafi, mai ƙaurin itace.

Cizo ɗaya.

Ba zafi. Sanyi ne ya ratsa daga bakinsa har tafin ƙafa.

Ya ji ana taunawa. A hankali. Ana juya lomar.

"Tuf!"

Abin ya yi tsaki, dogo, irin nasa sak.

"Ɗaci ne zalla. Ko ɗaya bai kai ba."

Bayan hannun ya ture shi.

Alƙali bai san ta inda ya fita ba. Ya dai ji ya bar ƙasa, iska ta mare shi, sai ga shi rigingine cikin juji a bayan shagon, tsakanin ɓawon ƙwai da toka da yagaggun buhuna. Ƙarar motoci ta dawo. Kiran sallar ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A nan tsoho ya same shi, yana rawar ɗari, baki a buɗe. Ya haska shi da tocila. Babu jini ko ɗigo. A kan tsinin harshen ne kawai aka ɗan gutsure, wurin ya warke sumul kamar da shi aka haife shi.

Tsoho ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Ka gode wa Allah da halinka, ɗana. Shekara arba'in ina ajiye masa burodi, bai taɓa barin ko ɓurɓushi ba. Kai ne abu na farko da ya tofar."

Likita ya duba ya ce harshe lafiya lau. Na biyu ma haka ya ce. Amma daga ranar sukari da gishiri da yashi duk ɗaya suke a bakin Alƙali. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, don yatsina ai ba ta bukatar harshe. Sai dai magana ba ta kwana a birni. Wani mai gidan shayi da ya taɓa ba wa biyu ya zuba masa gishiri cokali uku a kofi. Alƙali ya kurɓa, ya dubi waya, ya ce sukari ya yi yawa. Wannan bidiyon ya fi duk nasa yawo, kuma mabiyan nan da suka saba dariya ba su sha wahalar samun sabon abin dariya ba.

Yanzu ba ya rage abinci. Ko me aka ba shi sai ya suɗe kwano, domin duk ranar da ya bar loma, ƙaurin itace yake ji a bayan wuyansa.

Yayarsa ta rufe shago, ta koma yin kek a kicin ɗin gidanta tana sayar wa maƙwabta. Can ya je wata rana da hantsi, ya rame, ya zauna a kan kujerar roba kusa da ƙofa. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma yi masa sannu da zuwa ba. Ta yanko kek mai fure ruwan hoda ta ajiye masa.

Ya cinye tas. Ya bi ɓurɓushin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya," ya ce, "don Allah gaya min yadda yake. Da daɗi?"

Ta ɗauki farantin ta nufi wurin wanke-wanke, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Lokacin da kake da harshe ai ka ce uku, Auta. Sai ka riƙe hakan."