Kafinta Mai Ƙirjin Mace

Da hantsi dangin wani kafinta suka taso matarsa a gaba har caji ofis. Mijin ya cika da safe, bayan doguwar jinyar tari da aman jini.

"Guba ta ba shi, Yallaɓai!" in ji yayan mamacin. "Asibiti sun ɗauki hotonsa, sun ce ƙirjinsa tas yake. To me ya kashe shi in ba girkinta ba?"

Shugaban ofishin ko ɗago kai bai yi ba. "Ku rufe ta, gobe kotu."

Haka ake rufe mutane a ofisoshinmu: wanda ya fi ɗaga murya shi ne mai gaskiya. Amma Sufeto, 'yar sandar da aka miƙa wa binciken, ba ta cikin masu sa hannu ido rufe. Ta karɓi ambulan ɗin hoton, ta ja kujera gaban matar.

"Yaushe tarin ya fara?"

"Ranar da yake gyaran silin. Yana kan tsani ya ƙware, ya sauko yana dafe ƙirji. Ni na kai shi asibitin bakin kasuwa. Dakta ya ce mura ce."

Sufeto ta wuce shagon mamacin. Abokin aikinsa na haɗa kujera, ƙananan ƙusoshi jere a leɓensa kamar haƙoran kada.

"Malam, tofar da su mu yi magana."

Ya tofar a tafin hannu. "Hajiya, baki ai shi ne aljihun kafinta. Marigayi ma ya fi ni iyawa, yana hira da ƙusa cike da baki."

Nan take ta sa aka kai gawar babban asibiti, aka ɗauki sabon hoto. Likitar hoto ta manna shi a allon haske, ta nuna wani farin layi siriri mai kai.

"Ga gubar taki. Ƙusa ce, ya shaƙe ta, ta zauna a huhun dama. Wannan farin hazon kuma ruɓa ce ta kewaye ta. Da an gani da wuri, da an zaro ta."

"To wannan fa?" Sufeto ta miƙa mata hoton asibitin bakin kasuwa.

Likita ta duba, ta cire tabarau, ta sake dubawa. "Kafintan naki ya taɓa shayarwa?"

"Ban gane ba."

"Dubi waɗannan inuwoyi biyu. Nono ne. Ƙirjin mace ne wannan, lafiyayya kuwa."

Mai asibitin bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Dakta, ya tarbi Sufeto da farar riga da faɗin murmushi. Marasa lafiya na jere a benci, kowa da ambulan a cinya.

"Kuskuren ambulan ne, ranki ya daɗe. Ɗan Adam ajizi."

"To ina hotonsa na gaskiya?"

"Ya... ya lalace."

"Kunna injin ka ɗauki hannuna."

"Babu wuta."

Sufeto ta ɗaga ido ta dubi fankar da ke juyawa a kansu. Ta tura ƙofar ɗakin hoto, ta leƙa bayan injin. Wayarsa a guntule take, ɓera ya ci rabi, zanzaro ya yi gini a bakin soket.

Ta fito ta tsaya gaban benci. "Iyayena, kowa ya zaro hotonsa ya ɗaga sama."

Tsoho mai tari ya ɗaga. Direba mai ciwon kafaɗa ya ɗaga. Haƙarƙari ɗaya, inuwa ɗaya, kamar an tsaga kara.

Tsohon ya karkata kai yana duban nasa. "'Yata, wai wannan nawa ne? Da gemuna?"

Dariya ta ɓarke, sannan ta koma ihu. Dakta ya jingina da bango, gumi na bin wuyansa.

"Injin ya mutu tun bara," ya ce a hankali. "Hoton wata mata ne ya rage a kwamfuta, shi nake buga wa kowa. Yawancinsu ai suna warkewa da kansu."

"Wanda bai warke ba kuma a rataya wa matarsa?" Sufeto ta zaro ankwa. "Cire rigar nan, ba taka ba ce."

Aka fito da shi ta tsakiyar mutanen da ya yaudara, suna kaɗa masa hotunan a fuska har bakin mota.

A caji ofis, Sufeto da kanta ta buɗe sel ɗin da aka rufe matar. Yayan mamacin na tsaye a ƙofa, hula a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Ƙanwata, zafin rashi ne ya..."

Matar ta gyara mayafinta, kanta a ɗage. "Yaya, matsa in wuce. Zan je in yi wa mijina kuka. Tun safe ba ku bar ni na yi ba."