Na'urar da Ke Damtsen Harisu

"Ina mijina, Yaya Rabo?!"

Ko sallama ban yi ba. Da gudu na iso ƙofar gidan Baba a Pauwa, mayafina a hannu.

Yayana na zaune bisa benci, bindigarsa ta 'yan sa-kai jingine da bango. Yana jujjuya na'urar Harisu, 'yar farar aba da ba ta wuce tafin hannu ba.

"Yana ofishinmu, ana mashi tambayoyi," in ji shi, bai ko dube ni ba. "A kasuwar Kankara muka gan shi ya laɓe bayan rumfar masu hatsi, ya ɗaura wannan a damtse, yana ta latsa waya. Kin san da wa yake magana? Masu kai wa 'yan bindiga rahoto sun gama da mu a ƙasar nan!"

"Harisun da kuka tashi tare?! Magani ce, Yaya! Maganin ciwon kai!"

"Ciwon kai..." Ya yi wata dariya. "Ni za ki raina wa hankali?"



Shekara uku da aurenmu, ni kaɗai na san abin da ciwon ɓarin kai ke yi wa Harisu. Zai fara ganin walƙiya a ido, sai amai, sai kwana biyu a ɗaki na toshe taga da zane. Daka ma maƙwabta nake kaiwa, don ƙarar turmi kamar a ƙwaƙwalwarsa take sauka. Ranar sunan ɗiyarmu Ikhlas yana kwance riƙe da kai, dangina na waje suna cewa girman kai ne ya hana shi fitowa.

Rubutu, hayaƙi, ƙwayoyi, ba wanda bai gwada ba, har cikinsa ya ɓaci. Sai bana wata likita a Katsina ta haɗa shi da na'urar. Da ya ji alamar ciwon zai ɗaura ta, ya kunna ta waya, ta riƙa tsikarinsa kamar tafiyar kiyashi. Galibi kafin awa guda ya miƙe. Shi ya roƙe ni kar in faɗa wa kowa, wai kar a ce shi rago ne.

Baba ya fito daga zaure. "Shafa'atu, sassauta murya. Yayanki ne, kuma aikinsa yake."

"Baba, ku gafarce ni. Ban taɓa musu da ku ba, amma yau ba zan yi shiru ba! Mutum ya ji ciwo na tahowa, ya nemi inuwa, aka fizge maganinsa aka ja shi gaban jama'a kamar ɓarawo! In wani abu ya same shi, wallahi ƙafata ba ta sake taka gidan nan!"

Na warce na'urar daga hannun Yaya. Ya miƙe a fusace, Baba ya ɗaga mashi hannu.

"Ɗauke ta a mashin, ku je ka gani da idonka."

Muka isa ofishin, muka iske abokan aikinsa a ciki.

Ɗaki ne na kwano, zafi kamar tanda, ga rediyo na ta ihu. Harisu na duƙe a kusurwa, ya danna goshi da bango, rigarsa duk amai.

"Ku kashe rediyon nan!" na daka masu tsawa. "Ina wayarsa? Ku ba ni!"

Na durƙusa na naɗe hannun rigarsa, na ɗaura na'urar, na kunna.

"Shafa..." ya ce da ƙyar. "Ke ce?"

"Ni ce, rabin raina. Rufe idonka."

"Na faɗa masu... sau nawa na faɗa masu..."

Na juya na kalli Yaya Rabo. Ya kasa haɗa ido da ni. Can ya tuɓe rigarsa ta sama, ya rataya a taga, ya kori sauran waje.

An makara, ciwon ya riga ya kama. Mun fi awa biyu kafin Harisu ya iya ɗaga kai ya kurɓi ruwa.

Yaya ya tsuguna gabansa. "Harisu, ka yafe mani. Wallahi ban sani ba."

"Ba komai, Rabo. Ni ma da laifina, da na ɓoye..."

"Da komai!" na katse shi, hawaye na zuba. "Shi ya yafe, ni ban yafe ba!"

Wata biyu ban gaida yayana ba. Ko a hanya muka haɗu sai in kau da kai.

Da kaka ta yi, wata safiya ciwon ya kwantar da Harisu, na leƙa gonarmu ta bayan gida. Ga Yaya Rabo shi kaɗai yana yankan dawa, gumi ya jiƙe mashi baya, har ya gama yanke kunya goma ta gonar.

Na daɗe tsaye ina kallonsa. Sannan na koma ciki na dama fura, na kai mashi gindin kuka.

"Sannu da aiki, Yaya."

Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza.