Zumar da Kiyashi Ya Ƙi

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka kira Sufeto Anselmo Ovelar daga gidan wayar Santa Rufina. Don Eulogio, tsohon da ke rarraba saƙonni, ya yanke jiki ya faɗi yana amai, an wuce da shi asibiti a bayan motar mai rogo. Likita ya ce guba ce, nikotin mai ƙarfi, irin wanda ake surkawa kafin a zuba a sigarin lantarki.

Duk wanda ya taɓa aika saƙo a garin nan ya san Don Eulogio. Shekara talatin da ɗaya yana aikin, in kwali ya fashe ba ya ture shi gefe. Zama yake ya gyara da hannunsa, ya ɗaure da igiyarsa. Mu dai ba mu da abin saka masa sai godiya.

Kafin Sufeto ya iso har an gama yanke hukunci a bakin titi. Kwalin da tsohon ke gyarawa lokacin da ya faɗi na ɗauke da tambarin shagon Nidia Aquino, ita kaɗai ce mai lasisin sayar da ruwan sigarin lantarki a garin, kuma sunanta ne a fom. Kofur ɗin da ya fara zuwa, mai zafin nama inda ba a buƙata, ya riga ya garƙame shagon ya kai ta bayan kanta. In tsohon ya cika, da kisa za a caje ta.

Sufeto ba mai gaggawa ba ne, har ana masa tsiya cewa kunkuru ma zai riga shi zuwa coci. Ya sa safar hannu ya duba kwalin. Fom ya ce zuma ce, kwalba shida. Biyu sun tsiyaye, ɗakin sai ƙamshin mangwaro yake. Ya tsuguna ya ga layin kiyashi ya fito daga bango, ya kewaye abin da ya zube, ya nufi ɓurɓushin gurasar chipa da tsohon ya bari.

"Kiyashi ya fi mu wayo," ya ce. "Ña Porfiria, wa ya kawo kwalin nan?"

Ña Porfiria ce mai karɓar saƙo a kanta. Ta ce Nidia ce da ƙafarta, jiya Litinin da hantsi.

"Kin buɗe? Ƙa'idarku ta ce duk abin ruwa sai an buɗe a gabanki."

"Na buɗe mana, ranka ya daɗe. Zuma na gani."

Ta faɗa tana gyara hatimin da tun farko a gyare yake. Sufeto ya rubuta.

A ofishin 'yan sanda ya tarar da Nidia ta yi kuka har ta gaji. Abin da ta fara tambaya shi ne jikin Don Eulogio. Ta rantse ba ta taka gidan waya ba tun Juma'a, ta kuma roƙe shi ya je shagon ya buɗe duk ƙunshin da ya ga dama a cikin waɗanda ta shirya.

Ya tafi da ita, ya zaɓi ɗaya da kansa ya yanka. Kwalaben roba ne ƙanana, kowace an naɗe murfinta da salatif. An sa su a leda an ɗaure, an sake sawa a wata ledar, sannan aka cika kwalin da garin katako har babu abin da ke motsi. A waje an rubuta abin da ke ciki ɓaro-ɓaro, da kibiya mai nuna sama.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Shi, Don Eulogio. Ranar da na fara aikawa sau uku yana dawo da ni. Ya ce, 'Yarinya, ki tuna akwai hannun mutum tsakaninki da mai saye.' Ta yaya zan zuba masa guba a kwalbar zuma?"

Da ya tambayi kwalayenta, ta ce waɗanda ta gama da su a bayan shago take tarawa, kowa na ɗiba. Wannan bai wanke ta ba, amma ya faɗaɗa wa Sufeto filin nema.

Ya mayar da ita ofis, ya koma gidan waya da la'asar, rana ta ƙwalle kamar yadda ta saba a Janairu, tsakiyar lokacin zafi a ƙasar nan. Ya ɗauki ɗaya daga kwalaben da ba su zube ba. A kewayen murfin akwai wani abu rawaya da ya yi laushi. Ya kankara da farce ya shinshina. Kakin zuma ne. Haka masu kiwon zuma ke toshe kwalba tun zamanin kakanni, kuma zuma ba ta damu ba, don kaurinta ya hana ta gudu ko kakin ya narke. Ruwan nan kuwa, da kakin ya saki a zafin ɗaki, sai ya samu hanya.

A ƙofar baya ya tarar da Ña Porfiria a inuwar bishiya da ƙahon terere a hannu, ruwan sanyin ganyen nan da ake zagayawa da shi ana zuƙa da bututu ɗaya. Kujeru uku ne a wurin. Ya zauna a ɗaya, ta zuba ta miƙa masa, ya sha.

Ya nuna wadda babu kowa a kai ya ce, "Wannan kujerar ta Don Eulogio ce. Wadda nake kai fa?"

Ta karɓi ƙahon ta sake zuba ruwa.

"Ña Porfiria, yarinyar nan a ɗaki ɗaya za ta kwana da ɓarayin babur. Kujerar ta wa ce?"

Sai ta faɗi gaskiya. Ta Wilfrido Insaurralde ce, mai kiwon zuma a hanyar rafi. Shekara tara kullum da hantsi yana zuwa shan terere da su. Jiya shi ya zo da kwalin, ya cike fom da kansa, ta buga hatimi ba ta ko kalli sunan ba.

"Mutumin da nake zuƙa da bututu ɗaya da shi, ta yaya zan ce buɗe in gani? Ai zagi ne, ranka ya daɗe. Da abin ya faru na ji tsoron aikina, na ga sunan yarinyar, shi ke nan na bi."

Sufeto bai yi mata faɗa ba, don shi ma a garin aka haife shi. Ya ce gobe da safe ta zo ta rubuta gaskiya.

Wilfrido yana tsakanin akwatunan zumarsa da abin hayaƙin korar ƙudan zuma a hannu lokacin da motar ta tsaya. Ya yi fara'a, ya ce shi bai san komai ba sai zuma, sigari kuwa ko na takarda bai taɓa sha ba. Sufeto ya nemi ganin rumfar da yake tace zuma. A bayan durom ya ciro jarka mai ƙamshin mangwaro, da kwalaye huɗu masu tambarin Nidia.

"Ajiya aka ba ni," in ji Wilfrido.

"Mai ajiyar ne ya koyi toshe kwalba da kaki irin naka?"

Wilfrido ya ce mutane da yawa suna yi. Sufeto ya zauna a kan durom ɗin, ya cire hula.

"Bari in gaya maka yadda aka yi. Abokinka ya ga kwalin na ɗiga. Ya san kwalabenka, ya san toshinka. Bai kira kowa ba, ya cire su da hannu tsirara yana gogewa, don kada ka yi asara. Ya lashi yatsansa, tunda a saninsa zumar Wilfrido ce. Yanzu yana kwance da roba a hanci."

Abin hayaƙin ya faɗi daga hannun Wilfrido. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Fari ya kashe masa rabin ƙudan zumar, wani daga bakin iyaka ya ba shi jarkar ya ce ya aika babban birni. Ya san in ya rubuta gaskiya ba za a karɓa ba, sai ya rubuta zuma, ya sa sunan Nidia don in an buɗe a ce ai sana'arta ce.

"Ban zaci zai taɓa ba," ya ce.

"Shekara tara kana zama da shi, ka taɓa ganin ya ƙyale kwali yana ɗiga?"

Wilfrido ya miƙa hannuwa aka sa ankwa.

Da suka iso ofis, kofur ya buɗe wa Nidia ƙofa yana sunkuyar da kai. Ta tsaya a gaban Sufeto, sai hawaye. Ya ce mata likita ya bugo, tsohon ya farfaɗo, har ya sha romo.

Ana wucewa da Wilfrido ta gabanta zuwa ɗakin da ta fito, ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ba ta tsaya ba. Ta karɓi makullin shagonta ta jefa a jaka, ta tambayi Sufeto lambar gadon Don Eulogio.