Waƙar Dakan Inna

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, Raliya ta biyo mahaifinta Malam Lawali daga ƙauyensu na wajen Filinge zuwa Yamai. Dambun zogale take sayarwa a kasuwar Lazare, dab da rumfar Sumana mai gyaran salula.

Sumana Bazabarme ne, haifaffen birni. In ba aiki, sai ya rungumi tsohuwar gitarsa. Ran nan ya ji tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, ya bi ta da kiɗa.

"Ka kauce," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"A ina, 'yan mata?"

"Inda ake sauka, kai hawa ka yi. Hannunka ya fi kunnenka gaggawa."

Sai a nan ta ɗago. Suka haɗa ido.

Tun daga ranar, kullum da la'asar ta kan sa shi ya rufe ido, ya saurara, ya rera da baki, kana ya taɓa tsirkiya. Waƙar dakan mahaifiyarta ce, wadda ta rasu bara. Ranar da ya kaɗa ta cif, Raliya ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi. Ya naɗa mata kiɗan a salularta.

Ya aiko saƙo: "Malamata, kunnena ya ci jarrabawa?"

"Kunne ya ci, Sumanana. Hausar ce da saura."

Wata safiya sai ta ji kiɗan nan yana tashi a salular Halima mai kitso, wadda ta daɗe tana son Sumana. Halima ta yi murmushi ta ce, "Kyauta ce."

Raliya ta rubuta masa: "Waƙar innata kake raba wa 'yan mata? Kada ka ƙara kirana."

"Wallahi ban ba kowa ba, masoyiyata. Wa kika ara wa salularki?"

Sai ta tuna: Halima ce ta are ta shekaranjiya, wai za ta kira gida. Da la'asar Raliya ta ajiye masa dambu, man har ya yi yawa, ta kasa haɗa ido da shi.

"Malama ma tana kaucewa ashe," ya ce, suka yi dariya.

Amma da manyansa suka je tambayar aurenta, Malam Lawali ya girgiza kai. "Fari ya cinye mini shanu, ya kore ni daga gonata. Ita kaɗai ta rage mini. Ba na ba da ita ga yaron da bai san wahalar hatsi ba."

Da ruwan farko ya sauka suka koma gida noma, Sumana ya rufe rumfa ya bi su ƙauye. Ya yi shuka, ya yi noma, tafin hannunsa ya ɗure ruwa ya fashe, har ya kasa riƙe cokali. Bai koma birni ba.

Wata rana tsohon ya kama hannun ya duba. "Noman naka karkatacce ne, ɗana. Amma ba ka gudu ba. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Lawali ya dafa kawunansu, ya sa musu albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa rumbunku kada ya ga ƙasansa."

Gidan duka ya amsa, "Amin."