Kumfa a Kofin Umma

"An fasa?!"

Auta ta miƙe zumbur, waya a kunnenta.

"Ban ce an fasa ba, Zumata," in ji Injiniya, saurayinta. "Umma ce ta ce a dakata da sa rana."

"Me na yi mata?"

"Ranar da kika zo gaishe ta aka ba ki lemo, wai kin ɗaga kofin sama, kin ƙura masa ido, kina ƙwanƙwasa shi da farce. 'Yar ƙanwarta ta ce dubawa kike ko an yi miki barbaɗe."

"Innalillahi!"

Auta ta dafe kai. Digiri na biyu take yi a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu idan likita ya tsayar da zuciya don tiyata. Bincikenta kuwa a kan kumfar iska ne, wadda in ta bi robar jini ta shiga jiki tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kullum aikinsu ke nan, a ɗaga roba, a ƙwanƙwasa, a kori kumfa, har hannu ya saba.

"Wallahi ban ma san na yi ba!"

"Ni za ki gaya wa? Shayina nawa kika ƙwanƙwasa?"

"Ka daina dariya... Ka kawo min ita ranar da zan gabatar da bincikena. Don Allah!"

Da ƙyar Umma ta zo, fuska a murtuke, 'yar ƙanwar na biye da ita tana taɓe baki. Auta ta kunna injin, jan ruwa ya zagaya cikin robobi, ta yi bayani dalla-dalla. Aka tafa. Umma ko gezau.

Sai aka shigo da lemo.

Farfesa, dattijo mai furfura, ya ɗauki kofinsa yana hira. Ya ɗaga shi saitin taga, ya ƙanƙance ido... ƙwas, ƙwas! Ɗalibin gefensa ma haka. Na bayansa ma haka!

Umma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ga 'yar ƙanwarta.

"Shi ma tsohon nan barbaɗe yake tsoro?"

Yarinyar ta hau gyaran mayafi.

Dariya ta ƙwace wa Umma har da riƙe ciki.

"Zo nan, 'yata!"

Auta ta zo ta durƙusa a gabanta. Umma ta miƙa mata kofinta.

"Duba min nawa, idona ya tsufa."

Da hawaye da murmushi Auta ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa.

"Akwai kumfa ɗaya, Umma... ta fita."

"Madalla." Umma ta harari ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kana washe baki! Kira kawunka, a sa rana!"